Tan Nawa Ne, Buhu Nawa Ne? Lissafin Nauyi Tsakanin Sokode da Dapaong

Hanya ɗaya ce ta ratsa ƙasar Togo tun daga bakin teku har iyakarta ta arewa. Ta taso daga Lome, ta bi ta Atakpame, ta shiga Sokode bayan tafiyar kimanin kilomita 340, ta hau duwatsun Alejo, ta wuce Kara da Mango, ta isa Dapaong, sannan ta ƙare a Sinkase, inda ƙasar Burkina Faso ta soma. Dare da rana tireloli ne a kanta, ɗauke da shinkafa da siminti da takin zamani zuwa arewa, da auduga da waken suya zuwa kudu. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya da yawa na 'yan kasuwar Nijar suka koma sauka a tashar jiragen ruwan Lome, har ya zamana Hausar Yamai da ta Maraɗi ta ƙara yawa a wuraren da direbobi ke yada zango. Kowace mota tana tafe da takardarta, an rubuta nauyin kayan da tan ko da kilo. Direban kuwa, in an tambaye shi abin da ya ɗauko, da buhu zai ba da amsa.

Lissafin da ke tsakanin waɗannan ma'aunai ba wani abin tashin hankali ba ne. Giram dubu shi ne kilo ɗaya. Kilo dubu shi ne tan ɗaya. Tan dubu shi ne kilotan, tan miliyan shi ne megatan, tan biliyan kuma shi ne gigatan. Tsani ne wanda kowane matakinsa ya ninka na ƙasa da shi sau dubu, saboda haka mai hawa ya raba da dubu, mai sauka ya ninka da dubu. Kilo 30,000 tan 30 ne, tan 2 da rabi kuma kilo 2,500 ne. Yaron da ya gama firamare zai iya wannan. Amma duk da sauƙinsa ana asarar dukiya a kansa, ana ɓata tsakanin aminai, kuma da wuya a tarar ninkawa ko rabawa ce ta ba da matsala. Matsalar tana fitowa ne daga kalmar da aka furta, da alamar da aka rubuta, da kuma abin da kowane ɓangare yake hangowa a zuciyarsa lokacin da aka ce "tan" ko "buhu". Ta nan ne batun ya shafi ɗalibin harshe fiye da ɗalibin lissafi.

Bahaushe ya daɗe a wannan yanki kafin sikeli ya iso. Ƙasar Kotokoli, wadda Sokode ce cibiyarta, tana kan ɗaya daga cikin hanyoyin da ayarin fatake ke bi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sayen goro a Salaga, kuma unguwar Didawure da ke cikin Sokode ta samo asali ne daga zaman baƙin 'yan kasuwa Musulmi. Mango ma, a kan hanyar Dapaong, babban zango ce a wancan zamani. Abin lura shi ne fataucin nan mai nisan zango, wanda ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana gudana, kusan bai dogara da awon nauyi ba ko kaɗan. Goro ƙirga shi ake yi, guda ɗari su ne ƙwarya, a ɗaure shi cikin ganye a kira shi huhu. Gishirin Bilma da kantu ake sayar da shi. Hatsi da mudu da tiya ake auna shi, wato da cikar mazubi. Babban ma'auni kuwa shi ne abin da dabba ko mutum zai iya ɗauka: kayan jaki, kayan takarkari, kayan ɗan dako. Zinariya da makamantanta ne kaɗai ake ɗorawa a kan mizani a auna da miskali. Hausa ta gaji kalmomi masu yawa na ƙirge da na cikar mazubi, manyan kalmomin nauyi kuwa duk baƙi ne da suka shigo tare da Turawa.

Turawan kuma ba da ma'auni ɗaya suka zo ba. Togo ta shiga hannun Jamus a 1884, kuma a lokacin Jamus ta riga ta karɓi kilo tun 1872. Da aka kori Jamusawa a 1914, ɓangaren da ya zama Togo ta yau ya koma hannun Faransa, wadda ita ce ma ta ƙirƙiro kilo a ƙarshen ƙarni na 18. Saboda haka manomin Sokode bai taɓa sanin wani tan na hukuma ba sai mai kilo dubu. Maƙwabtansa na Gana da 'yan'uwansa na Kano kuwa ma'aunin Ingila aka kawo musu, wanda ya bar wa Hausa kalmomin laba da oza. Laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, giram 454 ce in an cike gutsuren. Tan ɗin Ingila laba 2,240 ne, wato kilo 1,016. Da shi aka riƙa sayen gyaɗar da aka tara dala-dala a Kano, kuma Nijeriya da Gana ba su koma ga kilo ba sai a shekarun 1970. Akwai kuma na uku, tan ɗin Amurka, mai laba 2,000, wato kilo 907, wanda har yau ake amfani da shi a can. Asalin kalmar ma sunan wata babbar ganga ce da Turawa ke zuba giya a ciki, daga baya nauyin gangar ya gaje sunan.

Faransanci da Ingilishi suna da hanyoyin rarrabe waɗannan uku a rubuce. Hausa kalma ɗaya ta ba su, tan, wasu kuma su rubuta ton. A ciniki na yau da kullum tsakanin Togo da Nijar da Nijeriya wannan ba ya cutarwa, domin kowa mai kilo dubu yake nufi. Cutar tana zuwa ne wajen fassara. Mai fassara labarin da ya fito daga Amurka, ko mai nazarin tsofaffin takardun cinikin gyaɗa na zamanin mulkin mallaka, in ya rubuta "tan" ya yi shiru, ya bar mai karatu cikin duhu. Bambancin tan ɗin Ingila da mai kilo dubu kilo 16 ne kacal, amma a lodin tan 30 ya zama kilo 480, kusan buhu biyar. Na Amurka kuwa giɓinsa kilo 93 ne a kowane tan, wanda a lodi guda zai kusa buhu 28. Gyaran ba shi da wuya: a ce "tan na Ingila" ko "tan na Amurka", ko kuma a mayar da adadin zuwa kilo gaba ɗaya.

Akwai wani ma'auni da ɗalibin Nijeriya ba safai yake jin sa ba, amma wanda ya yi makarantar Faransanci ya haddace shi tun yana ƙarami, shi ne kintal. Kilo ɗari ne, wato kintal goma su ne tan ɗaya. Shi kaɗai ne ya karya tsarin tsanin nan na dubu-dubu, don haka a kansa yara suka fi yin tuntuɓe. Kalmar ta yi doguwar tafiya: daga kalmar Latin mai nufin abu mai ɗari ta shiga Girkanci, daga nan ta shiga Larabci ta zama ƙinɗari, wanda duk almajirin da ya kai Suratu Ali Imrana ya ci karo da shi, sannan ta sake komawa Turai ta hannun 'yan kasuwar Bahar Rum. Jamusawa suna da nasu mai kilo hamsin, in sun ninka shi biyu ya yi daidai da kintal. Ko da gangan ne ko dacewa ce, buhunan da suka mamaye kasuwannin Afirka ta Yamma sun zauna a kan waɗannan adadai biyu: buhun siminti da na taki kilo hamsin-hamsin, babban buhun hatsi kuma kilo ɗari. A Togo ma an saba faɗin farashin siminti da tan, ba da buhu ba kamar yadda ake yi a Kano, kuma kowane magini ya san buhu ashirin ake nufi.

A zangon Sokode akwai wani dattijo, dillalin hatsi da waken suya, wanda bai taɓa shiga aji ba, allo kawai ya yi. Ɗan ƙanensa, saurayin da ya gama sakandare da Faransanci, shi ne ke riƙe masa littafin ciniki da waya. Wata kaka wani mai saye daga Kano ya aiko wakili, kafin wakilin ya iso kuma ya turo takardar buƙatarsa ta waya, an rubuta ta da Ingilishi. Adadin waken da ake nema an rubuta shi haka: 1,250, sai harufan ma'auni a gabansa. Saurayin ya duba, ya taɓe baki.

"Baba, ba wani abin kirki ba ne. Tan ɗaya ne da kwata. Ko yau ma sai mu cika musu daga abin da ke sito, in ka yarda in ce mun amince."

Dattijon bai karɓi wayar ba, domin ko ya karɓa ba zai karanta ba. Ya ce, "Tan ɗaya da kwata, buhu nawa ke nan?"

"Goma sha biyu da rabi, Baba."

"To, ɗana, ka taɓa ganin wanda ya taso daga Kano, ya ƙetare ƙasa biyu, ya biya kuɗin mota da na masauki, saboda buhu goma sha biyu da rabi? Kira shi. Kada ka ce ya sake rubutowa. Ka ce ya faɗa da bakinsa."

Da aka kira, mai sayen ya faɗa da Hausa: tan dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Buhu 12,500 ke nan, lodin tirela 42 in kowace ta ɗauki tan 30. Dattijon ya yi godiya, ya ce ƙarfinsa tirela uku ne, a nemi sauran a wajen wasu. Da an amsa da "mun amince" an karɓi kafin alƙalami, da sunan da ya yi shekara arba'in yana ginawa ya tafi a kan alkawarin da ba zai iya cika ko kashi ɗaya cikin goma nasa ba.

Saurayin bai yi kuskuren lissafi ba, kuma ba za a ce ya yi sakaci ba. Abin da aka koya masa ya karanta. A rubutun Faransanci waƙafi shi ne ke raba cikakken adadi da gutsurensa, dubbai kuma da 'yar tazara ake raba su, wasu kuma su sa aya. A rubutun Ingilishi abin a juye yake: waƙafi ne ke raba dubbai, ɗigo ne ke nuna gutsure. Abin da ya ƙara tsananta ruɗanin shi ne tan yana da kilo dubu, saboda haka wanda ya saba da takardun sikeli na ƙasashen Faransanci ya saba ganin lambobi uku bayan waƙafi, kuma 1,250 a wurinsa tan ɗaya ne da kilo 250, ba tare da wani kokwanto ba. Rubutu ɗaya, karatu biyu, kowanne daidai ne a makarantarsa, tsakaninsu kuma ninki dubu. Hausa tana zaune a kan wannan iyaka: wasu masu rubuta ta sun gaji waƙafin Ingila, sauran sun gaji na Faransa, kuma suna ciniki da juna kullum.

Dabarar dattijon tana da fuska biyu, kuma duka biyun sun cancanci a koya. Ta farko ita ce mayar da adadi zuwa abin da ido ke gani. Tan ba shi da siffa, amma buhu yana da ita, tirela ma haka. Wanda ya saba tambayar kansa "buhu nawa ke nan, mota nawa ke nan" da wuya ya yi kuskuren sifili uku, domin hankalinsa zai ƙi karɓar amsar. Ta biyu ita ce furuci. Baki ba ya furta waƙafi. Mai magana da Hausa dole ya zaɓa: ko ya ce tan ɗaya da kwata, ko ya ce tan dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, babu wata hanya ta tsakiya da zai ɓuya a cikinta. Shi ya sa ya kyautu duk wata yarjejeniyar ciniki da aka rubuta da Hausa ta ɗauki adadin sau biyu, da lamba da kuma kalmomi, kamar yadda ake yi a takardar cek.

Yana da kyau ɗalibi ya lura da yadda nahawu ke riƙe waɗannan kalmomi. Sunan ma'auni yana zuwa kafin adadi kuma yana zama tilo: tan goma, kilo ɗari, buhu arba'in. Jam'in "tan-tan" da ake ji a rediyo yana zuwa ne idan ba a faɗi adadi ba, kamar a ce an kama tan-tan na shinkafa. Abin da aka auna yana iya gabata, a ce masara tan goma, ko ya biyo baya da harafin mallaka, a ce tan goma na masara. Maimaita adadi yana nuna rabon kowane ɗaya, kamar buhu ashirin masu kilo hamsin-hamsin. Gutsure kuwa Hausa ta fi son ta faɗe shi da rabi da kwata da "ba", a ce tan biyu ba kwata, wato kilo 1,750. "Ɗaya da ɗigo bakwai da biyar" magana ce ta aji da ta gidan rediyo, a kasuwa ba ta da farin jini, kuma kasuwa ce ta fi gaskiya a nan, domin "ba kwata" kunne ba ya ɓatar da ita.

Sai dai buhun da dattijon ya dogara da shi yana da nasa rauni, kuma shi da kansa ya fi kowa sani. Buhu mazubi ne, ba nauyi ba ne. A kasuwannin Togo da kwano ake auna masara, ana ɗaukar kowane kwano a matsayin kilo biyu da rabi, kamar yadda ake ɗaukar tiya a Maraɗi, ta yadda arba'in za su cika buhu mai kilo ɗari. Amma kwanon da aka yi wa tozo daban yake da wanda aka shafe bakinsa, buhun da aka danna aka ɗinka masa hula kuma yakan zarce kilo ɗari nesa ba kusa ba. Mai saye a ƙauye yana son buhu mai hula, domin da buhu ya saya, da kilo zai sayar. Sannan ga danshi. A ɗauka an sayi masara tan ɗaya da kaka, danshinta kashi 18 cikin ɗari. Tsabar da ke ciki ban da ruwa kilo 820 ce. In hunturu ya busa ta har danshin ya sauko kashi 13, nauyinta zai koma kimanin kilo 943. Ba ɓera ba ne ya ci, ba ɓarawo ba ne ya ɗiba, amma kilo 57 sun tafi a kowane tan, kuma yaran sito da yawa sun sha zargi a kan abin da iska ce ta kwashe.

Daga Sokode in aka miƙa arewa, ƙasa tana ƙara bushewa har a isa Dapaong, babban birnin yankin Sabana, ƙasar Moba. A nan auduga ce ke koya wa manomi awon nauyi, domin ita ba a sayen ta da kwano ko da buhu, sai da kilo. Kamfanin auduga na ƙasa, NSCT, wanda aka kafa a 2009 a madadin SOTOCO, kuma kamfanin Olam na Singafo ya sayi kashi 51 cikin ɗari na hannun jarinsa a 2020, yana da injin gurza a garin. Manomi yana karɓar taki da maganin ƙwari bashi, a auna audugarsa a ƙauye, a cire bashin daga kuɗinta. Lissafinsa gaba ɗaya a kan kilo yake, na kamfani a kan tan, na gwamnati kuma a kan dubban tan. A ce kilo sefa 300 ne. Tan ɗaya sefa 300,000 ke nan. Hausar ƙasashen sefa tana da gajeriyar hanya a nan, wadda Hausar Nijeriya ba ta da ita: tun da jika ita ce sefa dubu, duk adadin da kilo ya kama da sefa shi ne adadin da tan ya kama da jika. Kilo sefa 300, tan jika 300. Amma wanda ke ƙirga da dala, wadda ita ce sefa biyar, zai ce kilo dala sittin ne, kuma baƙon da bai san wannan ba zai ɗauka farashin ya faɗi warwas.

A kakar 2018 zuwa 2019 Togo ta noma auduga kimanin tan 137,000, shekara biyu bayan nan kuma abin ya sauko ƙasa da tan 70,000. Adadin farko ana iya faɗin sa ta hanyoyi da dama ba tare da ya canja ba: kilo miliyan 137, ko kilotan 137, ko kintal miliyan ɗaya da dubu 370. Amma mai karanta labarai da Hausa zai ce "tan dubu ɗari da talatin da bakwai", kuma a nan ne harshen ya kafa nasa tarko. Bisa ga tsarin kalmomin, wannan jimla tana iya nufin dubu sau ɗari da talatin da bakwai, tana kuma iya nufin dubu ɗari sannan a ƙara talatin da bakwai, wato 100,037. Al'ada ta ba ma'anar farko rinjaye, mai son ta biyu kuwa sai ya sa kalmar "guda", ya ce dubu ɗari da guda talatin da bakwai. Furucin da ya ceci dattijon Sokode yana da nasa wurin da ake bukatar a taka a hankali.

Akwai kuma tambayar da ta wuce ta adadi: tan na mene ne? Abin da manomi ya kai sikeli auduga ce da anguryarta a ciki. Bayan gurza, abin da ya rage na zallar auduga kashi 40 ne da 'yan kai cikin ɗari, sauran angurya ce da datti. Daga tan 137,000 za a samu kimanin tan 57,000 na gurzajjiya. Kasuwar duniya kuma ba da tan take magana ba. A Niyok da laba ake yanka farashin auduga, ma'aikatar noma ta Amurka kuma da dila take ƙirga amfanin ƙasashe, kowace dila laba 480, wato kusan kilo 218. A wannan ma'auni kakar Togo ta wancan shekara dila 260,000 ce da ɗoriya. Mai fassarar da ya ga 137,000 a wata takarda, ya ga 57,000 a wata, ya ga 260,000 a ta uku, zai iya zaton wani ne ke ƙarya, alhali abu ɗaya ake aunawa a matakai daban-daban.

Inda tan ya fi nuna ƙarfinsa a wannan hanya shi ne kan kwalta. A 2005 ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta kafa dokarta mai lamba 14 a kan nauyin manyan motoci. Dokar ta ƙayyade abin da kowane layin taya zai ɗauka, tan 6 ga na gaba, tan 11 da rabi zuwa 12 ga na baya idan shi kaɗai ne, ta kuma sa iyakar tan 51 ga tirela mai layi shida. Wannan 51 ɗin ya haɗa da nauyin motar kanta, abin da masu kaya ke yawan mantawa da shi. In motar da bodinta sun kai tan 16, abin da ya rage wa kaya tan 35 ne, buhu 700 na siminti ko 350 na masara, in har buhunan ba masu hula ba ne. Mai kaya yakan ga ƙarin tan biyar ko shida ba wani abu ba ne. Kwalta ba haka take gani ba. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoyi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna ɓarnar da layin taya ke yi wa hanya tana ƙaruwa ne kamar an ninka nauyin a kan kansa har sau huɗu. Layin da ya kamata ya ɗauki tan 12 in aka ɗora masa 18, nauyin ya ƙaru da rabi ne kawai, amma ɓarnar ta ninka sau biyar. In aka ninka nauyin biyu, ɓarnar ta ninka sau goma sha shida. Ramukan da ke karya motocin direbobin nan, lodin da suka ɗauko bara ne ya haƙa su.

Manyan matakan tsanin ba safai ake jin su a kasuwa ba, amma suna cikin jarida. Kayan da ke bi ta tashar Lome a shekara sun kusa tan miliyan 30 a farkon shekarun 2020, wato megatan 30, lodin tirela miliyan ɗaya. Hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa daga ƙona mai da gas da kwal ya kai kimanin gigatan 37 a shekara. Masana kimiyya suna da wata 'yar taƙaddama da waɗannan sunaye, domin a ƙa'idar ma'aunin duniya giram ake liƙa wa ɗafa-goshi, ta yadda sunan tan na asali shi ne megagiram, sai dai babu wanda ke kiran sa haka in ba a wasu mujallun nazarin ƙasar noma ba. Abin da ya fi shafar mai fassara shi ne taƙaitattun haruffa. Alamar tan ƙaramin t ne shi kaɗai. Babban M da ƙaramin t megatan ne, tan miliyan. Amma 'yan kasuwar ƙasashen Ingilishi sun saba rubuta manyan haruffa biyu, M da T, suna nufin tan guda mai kilo dubu, don su bambanta shi da na Ingila da na Amurka. Haruffan da ke gaban 1,250 a takardar mai sayen nan na Kano su ne waɗannan biyun. Wanda ya karanta su da idon ɗakin gwaje-gwaje zai ga an nemi waken suya tan biliyan ɗaya da kwata daga sito guda a zangon Sokode, abin da ya ninka noman duniya gaba ɗaya na shekara kusan sau uku.